Amsa ga Hajiyar da ke neman mai ba ta shawara kan kuɗin ritaya

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kin ce saura shekara biyu ki ajiye aiki, mutane sun fara yi miki sallama, kowa da inda yake son ki zuba kuɗinki, kuma kin rasa wanda za ki saurara. Ni na ajiye nawa a 2021 bayan shekara 35 ina aikin gwamnatin tarayya a nan Sakkwato, don haka na san wannan sallamar.

Duk wanda ya zo, tun bai buɗe jakarsa ba, ki tambaye shi: "Malam, wa ke biyanka?" Ba rashin kunya ba ce. Ana saura 'yan watanni in tafi, samari biyu suka same ni a ofis cikin mako ɗaya. Na farko daga kamfanin da ke riƙe da fanshona, ya ce in bar kuɗin a wurinsu su riƙa yanko mini duk wata. Na biyu daga kamfanin inshora, da takardarsa mai ƙyalli, ya ce in miƙa musu kuɗin su biya ni har ranar da rai ya yi halinsa. Babu wanda ya yi mini ƙarya, amma kowa rabin zance ya kawo, rabin da ke ciyar da shi.

Ga ɗaya rabin. In kin bar kuɗin a kamfanin fansho, suna nan da sunanki, ribar da aka samu taki ce, in kin rasu abin da ya rage na magada ne. Sai dai asusu ne, yana iya yin ƙasa in rai ya yi tsawo. In kin zaɓi inshora, biya ba ya yankewa, amma shekara 10 kawai aka lamunce wa magada. In kin wuce su kika cika, ba su da komai. Kuma daga fansho ana iya komawa inshora, daga inshora ba a dawowa. Wannan maganar ta ƙarshe babu wanda ya faɗa mini cikin su biyun, wata abokiyar aiki da ta riga ni tafiya ce ta zaunar da ni a gidanta a Mabera ta warware mini. Mai shawara na ƙwarai shi ne wanda zai faɗa miki aibin hajarsa da bakinsa, ya kuma tambaye ki 'ya'ya nawa ke makaranta, gidan da kike ciki naki ne ko haya, nawa magani ke ci miki a wata, kafin ya ambaci riba.

Sai takarda. Kamfanin fansho lasisinsa daga PenCom yake, wato hukumar kula da fansho ta ƙasa, na inshora daga NAICOM, hukumar kula da inshora, mai juya jarin mutane kuma daga SEC, hukumar kula da harkar zuba jari, kuma duk suna da jerin sunaye a shafukansu na intanet. Ki sa ɗanki ya duba a gabanki. Takardar rajistar kamfani ta CAC ba lasisin karɓar kuɗin jama'a ba ce, ko an kafa ta a bango cikin gilashi. Wanda ya ce ki tura kuɗi asusunsa na kansa, ko ya yi miki alkawarin ninki cikin wata ɗaya, ki sallame shi. Mun ga yadda tsarin damfara na MMM ya cinye kuɗin mutane a ƙarshen 2016, mun sake ganin irinsa, CBEX, a 2025.

In kuɗin ruwa ne damuwarki, kamar yadda ya dame ni, akwai mafita. Tun 2021 kamfanonin fansho suna da asusu na shida, wanda ba a sa shi a harkar ruwa, kina iya neman a mayar da ke can. Akwai kuma Sukuk, wato takardar zuba jari marar ruwa, na gwamnatin tarayya da aka fara a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi, ana biyan haya sau biyu a shekara. Amma kada a ruɗe ki da lamba: a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, ribar da ba ta kamo tsadar kasuwa ba raguwa ce. Ki tambayi mai shawarar yadda ya lissafa wannan.

Inda ni na ƙone kuwa ba wurin baƙo ba ne, a cikin gida ne. Da kuɗin dunƙule da ake ba mutum lokacin ajiye aiki suka shigo, wani ɗan uwa ya ce mu sayi albasa da kaka mu ajiye sai ta yi tsada. Na ba shi kaso mai tsoka, babu rubutu, babu shaida, don na ji nauyi. Da na je gani, rabin rumbun ya ruɓe, wari tun daga ƙofa, ruwa na tsiyaya ƙarƙashin buhuna. Ba cuta ta ya yi ba, bai san ajiya ba ne, ni ma ban tambaya ba. Kuɗin sun tafi, zumuncin ya yi sanyi har yau. Mu mata nan ake cin mu, da kunya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, ko tsakanin wa da wa. Kuma ba dole ba ne kowa ya san ranar da kuɗinki suka shigo.

Abin da zan ce ki yi a wannan makon: ki je ofishin kamfanin fanshonki da kanki, ki karɓi bayanin asusunki, ki tabbatar sunanki da ranar haihuwarki iri ɗaya ne a can, da NIN, da BVN, da fayil ɗinki na wurin aiki. Harafi ɗaya ya bambanta a nawa, sai da na yi watanni ina zarya kafin a gyara. In aikin jiha kike yi, ki faɗa mini, domin tsarin ba lallai ya zama ɗaya da namu ba. Allah Ya sa ki gama lafiya.