COB ko ƙananan ƙwayayen LED, wanne ya fi ba da haske da ƙarancin wuta?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko COB guda mai wat 100, wato LED mai ƙwayaye da yawa cunkushe a wuri ɗaya, zai fi ƙananan ƙwayaye irin Samsung LM301B wajen haɗa fitilar renon tsiro a ɗaki. Ni dai ƙananan zan ɗauka.

Da farko ka bar duba lumen. Wannan ma'aunin idon mutum ne, ido kuwa kore ya fi gani. Ganye yana cin haske ne tsakanin nanomita 400 zuwa 700, wato daga shuɗi zuwa ja, shi ya sa ake auna fitilar tsiro da mikromol a kowane jul, wato yawan hasken da ganye ke ci idan aka kwatanta da wutar da fitilar ta sha. LM301B yana kaiwa wajen 3 idan an ba shi wuta kaɗan, kamar miliamfiya 65. A nan dabarar take: duk LED ɗin da aka matsa wa wuta, ƙarin zafinsa ya fi ƙarin haskensa. Gara ƙwaya 200 kowace tana aiki a rabin ƙarfinta da guda ɗaya yana ta huci. Hasken ma bazuwa yake yi, ba ya taruwa a tsakiya ya ƙona saman ganye.

Ka cuɗa fari mai kelbin 3500 da 'yan ja masu nanomita 660, suna taimaka wa fure.

Kada ka yi rowa wajen direban da ke daidaita wutar. Mai kyau, irin Mean Well, asararsa ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Sai farantin alminiyam da za ka liƙa ƙwayayen a kai don ya janye zafi. Fitila ta farko da na haɗa a katako na liƙa ta, bayan awa ɗaya ba ta taɓuwa, kafin wata biyu ƙwayayen tsakiya duk sun dusashe.