Fatawa: Yayan mai neman 'yata yana da taɓin hankali, in hana shi auren?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, daga Jega nake rubutowa. Wani yaro ya fito neman auren 'yata. Mun bincika, ba mu ga abin zargi a addininsa ko halinsa ba, fataucin albasa yake yi tsakanin Aliero da kasuwarmu. Sai dai yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, yana fama da ciwon da likitoci ke kira sikizofireniya, a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, kusa da Sakkwato, ake karɓo masa magani. Ƙanena da ya yi boko mai zurfi ya ce bincike ya nuna 'yan'uwan masu wannan ciwo su ma suna da raunin tunani da yawan mantuwa ko da lafiyarsu ƙalau. Hankalin mahaifiyar yarinyar ya tashi. Shin wannan aibi ne da zan hana auren saboda shi? In an tambaye ni dalili, ya halatta in faɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya tambaya kafin ka yanke.

Ƙanenka bai yi ƙarya ba, amma maganar tasa na bukatar a warware ta. Sikizofireniya ciwo ne da ke sa mutum jin muryoyin da babu su, da zargin ana ƙulla masa sharri, da rikicewar zance, kuma tana taɓa ƙarfin riƙe abu a ka da tattara hankali. Likitoci sun daɗe suna gwada iyaye da 'ya'ya da 'yan'uwan masu ciwon, waɗanda su ba su kamu ba. Akan karanta musu jerin kalmomi, bayan 'yan mintuna a ce su maimaita. Ko a ba su takarda su haɗa lambobi da haruffa bi da bi ana duba agogo. Idan aka tara makin jama'a da yawa aka raba, sai a ga na dangin ya ɗan gaza na sauran mutane, musamman wajen tuna kalmomi da saurin aiki da hankali. Gazawar kaɗan ce, ba ta kai ta majinyatan ba, kuma ta taro ce. Kai da ke kasuwa ka san in aka ce albasar gonar wane ta fi ta wane auki, ba a nufin kowane buhu na waccan ya fi kowane buhu na wannan. Sai an kwance an duba. Cikin dangin nan akwai da yawa da makinsu ya zarce na waɗanda ba su da majinyaci a gida ko ɗaya.

Shari'a ba ta musun gado. A Bukhari da Muslim, wani mutum ya zo wa Annabi (SAW) yana shakkar ɗansa saboda launin fatarsa, sai ya tambaye shi game da raƙumansa, har mutumin da kansa ya ce wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta fizgo launin. Annabi ya ce to ɗan naka ma haka. An tabbatar da gado a nan, kuma an hana a gina zargi a kansa.

Aibobin da ke ba da zaɓin raba aure a mazhabarmu ta Malikiyya sanannu ne: hauka, kuturta, albaras, da cutar da ke hana saduwa. Haka suke a Risala da Mukhtasar, kuma Muwaɗɗa ta kawo hukuncin Sayyidina Umar a kan ukun farko. Malamai sun ce hauka aibi ne ko da sau ɗaya yake tashi a wata, kuma akan ba mai shi shekara guda ya nemi magani. Duk wannan a kan wanda ciwon ke jikinsa ake magana. Ciwon yaya ko uba ba a lissafa shi aibin ango ba, balle ɗan raunin da sai da agogo da takardar gwaji ake gano shi. Asalin baligi shi ne cikar hankali, kuma yaƙini ba ya gushewa da shakka. Saboda haka aurensa ingantacce ne, cinikinsa da shaidarsa karɓaɓɓu ne, kuma babu mai ikon riƙe masa dukiya da wannan hujja.

In zuciyarka ba ta kwanta ba, Alƙur'ani ya nuna hanya. A Suratun Nisa'i aya ta 6 Allah ya ce a jarraba marayu, idan aka ga shiriya a tare da su a miƙa musu dukiyarsu. Mutumin ake jarrabawa, da aikinsa. Ka tambayi dillalan da yake hulɗa da su: yana riƙe lissafin buhuna, da kuɗin mota, da la'ada? In ya ɗauki kaya bashi ya ce ranar kasuwa mai zuwa, yana cikawa? Wanda ya shekara biyar yana wannan ba a taɓa kama shi da ruɗewa ba, ya riga ya ba da amsa. Kada kuma ka ga yana rubuta bashi a littafi ka ce alamar mantuwa ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce da a rubuta. Wani abin da nake gani a gidajen da ke jinya kuma shi ne, ɗan'uwan da ya kwana uku yana gadin majinyaci, ga kuɗin magani, ga hanyar Sakkwato, dole ya riƙa mance abu. Wannan gajiya ce, kuma lada yake samu a kanta.

Tsoron mahaifiyarta na san ba na mantuwa ba ne, na ciwon ne kansa, da jikoki. A cikin jama'a, kusan mutum 1 cikin 100 ne ke kamuwa a tsawon rayuwa. Ga ɗan'uwa shaƙiƙi abin yakan kai kusan 10 cikin 100, wato wajen 90 ba sa kamuwa, kuma ga 'ya'yan ɗan'uwan yana ƙara sauka sosai. Ciwon ya fi bayyana daga ƙarshen samartaka zuwa wajen shekara 30, don haka duk shekarar da ta wuce lafiya tana rage fargabar. Abin da zan matsa maka ka bincika da gaske shi ne shaye-shaye, musamman wiwi, domin an tabbatar yana ƙara haɗarin, ballantana ga mai gadon ciwon. In kuna son ƙarin natsuwa, ku je tare da yaron wajen likitan ƙwaƙwalwa da yardarsa. Babu laifi a ciki.

Hukuncin ke nan: ba aibi ba ne. Kai uba ne, kana da haƙƙin duba maslahar 'yarka, kuma in ka janye don tsoro na gaskiya ba zan ce ka yi zunubi ba. Amma shawarata kada ka janye a kan wannan kaɗai, alhali hadisin Tirmizi ya ce idan wanda kuka yarda da addininsa da halinsa ya zo, ku aurar masa. Ka kuma ji ta bakin yarinyar bayan an faɗa mata komai. Su kuma danginsa, in shi kansa ya taɓa kwantawa da wannan ciwo, wajibi ne su bayyana, ɓoyewa yaudara ce mai ba ku zaɓi daga baya.

Batun faɗin dalili: in wani uba ya zo maka neman shawara don yaron ya nemi 'yarsa, ka faɗi abin da ka sani daidai, kamar yadda Annabi (SAW) ya faɗa wa Faɗimatu bint Ƙais halin masu nemanta. Ka ce yayansa na shan magani, shi kuma ba mu ga komai a tare da shi ba. Amma a zauna a majalisa ko gidan biki a ce gidansu zuriyar mahaukata ce, wannan haramun ne, giba ce da jifa da mummunan laƙabi da Suratul Hujurat ta hana. Irin wannan magana ce ke sa iyalai kulle majinyaci a ɗaki ko ɗaure shi da mari maimakon kai shi asibiti, don kada 'yan matan gidan su rasa miji. Ka ja kunnen ƙanenka da matan gidanka a kan haka tun yanzu, ko auren ya yiwu ko bai yiwu ba. Wallahu a'alam.