Alkawarin Annabi Ibrahim: a ina aka rabu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko alkawarin da Allah ya yi wa Annabi Ibrahim (AS) ɗaya ne a wajen Musulmi da Yahudawa da Kiristoci. Duk ukun sun yarda an yi alkawarin. Saɓanin yana kan wanda ya gaje shi, da hanyar shigarsa.

A Attaura, Farawa sura ta 17, alkawarin ya ƙunshi zuriya da ƙasar Kan'ana, alamarsa kuma kaciya ce a rana ta 8 da haihuwa. Surar ta ce an yi wa Ibrahim kaciya yana ɗan shekara 99, Isma'ilu yana da 13. An albarkaci Isma'ilu da shugabanni 12 daga tsatsonsa, amma aya ta 21 ta ɗora alkawarin kan Ishaku. Daga baya alkawarin Dutsen Sinai ya zo da dokoki, har Musa ya yayyafa wa jama'a jinin hadaya (Fitowa 24).

Kiristoci sun kafa hujja da littafin Irmiya 31:31, inda aka ambaci sabon alkawari, suka ce ya cika da jinin Almasihu (Luka 22:20). Shi ya sa taron da shugabannin Kiristocin farko suka yi a Urushalima, wanda ke cikin littafin Ayyukan Manzanni sura ta 15, ya ɗauke wa waɗanda ba Yahudawa ba wajibcin kaciya. Bulus, ɗaya daga cikin jagororin Kiristocin farko, ya ce masu bangaskiya su ne 'ya'yan Ibrahim.

Alƙur'ani kuwa ya faro tun kafin Ibrahim. A Suratul A'arafi aya ta 172 Allah ya sa zuriyar Adamu duka suka shaida shi ne Ubangijinsu, a Ali Imrana 81 kuma ya riƙi alkawarin annabawa. Ayar da ya kamata ka tsaya a kanta sosai ita ce Baƙara 124. Da Ibrahim ya roƙa wa zuriyarsa shugabanci, sai aka ce masa alkawarin Allah ba zai samu azzalumai ba. Wato ba a kore zuriya ba, amma jini kaɗai bai isa ba sai da biyayya.

Inda masu muhawara suke kuskure shi ne mayar da zancen gasa tsakanin Isma'ilu da Ishaku. Musulmi ba shi da wannan damar, domin Baƙara 136 ta jero su biyun cikin annabawan da ba ma rarrabewa a tsakaninsu. Haka kuma kada ka nemi kaciya a Alƙur'ani a matsayin alamar alkawari, babu ita. Hukuncinta daga hadisi ya zo, cikin abubuwa biyar na fiɗira.