Amsa ga mai son ƙara wa babur ɗinsa sauti

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce kana doguwar tafiya a kan Boxer, daga ƙauyenku zuwa Gumel har Maigatari ranar Alhamis, da zarar ka ɗau gudu karatun da ka kunna ya ɓace, batir kuma yana yawan mutuwa, shi ne kake son sayen manyan sifiku. Don Allah dakata da sayen tukuna, fara da wuta.

Batirin irin baburanmu 12V ne, ƙarami, kwayil ɗin da ke cika shi kuma ba a yi shi don ɗaukar kayan sauti ba. Je wurin mai wayarin ya ɗora mitar auna wuta. Babur a kashe, lafiyayyen batir zai nuna wajen 12.6V. In an tayar an ɗan ba shi wuta, ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, rektifaya (mai daidaita wutar da ke shiga batir) ko kwayil ne ba lafiya, duk abin da ka jona batir zai ci. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) mai jan wat 30 a kan 12V tana shan amfiya 2.5. Kada ka wuce nan. Nemi ƙarama, samfurin da ake kira Class D, domin ba ta ɓarnar wuta sosai ta hanyar zafi. Wat 1000 da ake dannawa a jikin kwali da sunan PMPO tallar 'yan kasuwa ce, RMS, wato ainihin ƙarfinta, za ka duba.

Sifiku biyu sun isa, inci 4, ohm 4, masu fuskar roba. Mai fuskar takarda ruwan Agusta ɗaya zai jiƙa ta ta saki, ƙurar hunturu kuma ta shige ta fara karce. Duba lambar dB, wato ma'aunin ƙarar sifika: mai 90 ta fi mai 87 nesa ba kusa ba, don bambancin 3 ɗin nan daidai yake da ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, ba tare da ka ƙara wa batir nauyi ba. Ufa kuwa, wato babbar sifikar bas, manta da ita, iska da ƙarar salansa ke cinye bas. Ɗaura su kusa da mitar gudu suna kallon fuskarka, kowacce cikin rufaffen gida.

Wajen haɗi aka fi yin ɓarna. Jar waya ta taso daga kan batir mai alamar +, a sa mata fis mai amfiya 5 dab da batirin, ta bi ta rile, wato ɗan makunnin wuta da makulli ke kunnawa, yadda kana zare makulli komai ya mutu. Rashin wannan ne ke sa a wayi gari batir ya kwanta. Baƙar waya ta koma kan batir mai alamar − kai tsaye. Wayar sifika kuwa kada ko ɗaya ta taɓa jikin babur, yawancin waɗannan amfilifayoyin nan take suke ƙonewa. Kada kuma a haɗa sifiku biyu kafaɗa da kafaɗa a layi ɗaya: ohm 4 zai koma 2, ta yi zafi ta riƙa ɗaukewa.

In ka ji sauti ya yi siriri, an juya ƙafar sifika ɗaya. Taɓa wayoyinta da batirin tocila mai 1.5V, fuskar za ta turo waje ko ta shige ciki. Ka tabbata duka biyun gefe ɗaya suke motsawa. In kuma kana jin wani "wiii" mai tashi da totur, mai yiwuwa waya ce ta bi kusa da ta fulogi, a nesanta su.

A yanko tsohon tib a sa ƙarƙashin kowane noti saboda gargadar hanyar burji, a yi wa mahaɗa dalma maimakon murɗewa da salatif, wanda zafin Afrilu ke narkar da gam ɗinsa. Kafin a ɗaure wayoyi, juya kan babur dama da hagu har ƙarshe, ka ga babu wadda ta ɗame. Sauti kuma ka bar shi daidai yadda za ka ji hon ɗin tirela a bayanka.