Yaya masana taurari na ƙarni na 19 suke sanar da juna abin da suka gano?

Tambaya: Malam, a zamanin da babu waya babu intanet, idan masanin taurari a Faransa ya gano wani abu, ta yaya ɗan'uwansa na Jamus zai sani? Ashe wasiƙa ba ta yi musu jinkiri ba?

Amsa: Malam, jinkirin kam akwai shi, amma da wasiƙar ake yin aikin kansa. Wani na da lissafi, wani na da madubin hangen nesa, wani kuma taswira ce a hannunsa, takarda ce ke haɗa su. Labarin gano duniyar Neptune ya ishe mu misali.

Tun bayan da William Herschel ya gano duniyar Uranus a 1781, masana suka lura tana kauce wa hanyar da lissafi ya shata mata. Urbain Le Verrier a Paris ya ce lallai akwai wata duniya da ba a gani ba da take janta, ya zauna ya lissafa inda take. Sai dai bai samu wanda zai duƙufa neman ta a gida ba. Nan ya tuna da Johann Galle, mataimaki a cibiyar duban taurari ta Berlin, wanda ya aiko masa da kundin digirinsa kusan shekara guda da ta wuce, shi kuwa ko godiya bai mayar ba. Ranar 18 ga Satumba 1846 ya rubuta masa, ya fara da godiyar da ta makara, sannan ya roƙe shi ya duba wani gurbi a sama.

Kwana biyar takardar ta yi a hanya. Ta iso ranar 23 ga wata, ranar da shugaban cibiyar, Johann Encke, ke cika shekara 55, ya kuma ba Galle izinin hawa babban madubin a daren. Wani ɗalibi, Heinrich d'Arrest, ya nemi a tafi da shi, kuma shi ya kawo shawarar a ɗauko sabuwar taswirar taurari da Carl Bremiker ya zana, wadda aka buga amma ba a kai ga rarraba ta ba. Galle na kan madubi yana kiran taurari ɗaya bayan ɗaya, d'Arrest na zaune da taswira yana dubawa. Ba su yi awa guda ba suka zo kan wani da babu shi a takardar, tazararsa da inda Le Verrier ya nuna ba ta kai digiri ɗaya ba. Da dare ya sake yi suka ga ya gusa, alamar cewa duniya ce ba tauraro ba. Ranar 25 Galle ya mayar da amsa da Faransanci, cewa duniyar da ka nuna wurinta tabbas tana nan.

Ɓangaren Ingila shi ne yake taɓa min zuciya. John Couch Adams, saurayi a Cambridge, ya yi irin wannan lissafi tun 1845, ya je Greenwich bai samu ganin George Airy, shugaban cibiyar duban taurari ta can, ba, ya bar masa takarda. A watan Nuwamba Airy ya rubuto masa yana tambaya ko lissafin ya warware matsalar nisan Uranus daga rana. Adams bai amsa ba. Da James Challis, shugaban cibiyar duban taurari ta Cambridge, ya fara nema a ƙarshen Yulin 1846, sau biyu Neptune ta shiga madubinsa cikin Agusta, amma bai gwada bayanansa da juna a kan lokaci ba. An daɗe ana ɗora wa Airy laifi, ni dai ina ganin tambayarsa tana kan hanya, kuma ta cancanci amsa.

Don kada labari ya tsaya tsakanin mutum biyu, Heinrich Schumacher ya kafa mujallar Astronomische Nachrichten a Altona a 1821. Masana su aiko masa da wasiƙu da Jamusanci ko Faransanci ko Ingilishi, shi kuma ya buga ya rarraba, kwanan watan da ke kan takarda ya zama shaidar wanda ya riga. Inda wasiƙa ta gaza shi ne abin da ba ya jira, kamar tauraro mai wutsiya. Da tangaraho ya yaɗu sai irin wannan labari ya koma kansa, har aka buɗe ofishi na musamman a Kiel a 1882 don aika saƙonnin gaggawa ga cibiyoyin duban taurari.