Shin ƙwayoyin nano na iya nuna ciwon daji su kuma kai masa magani?

Tambaya: Likita, yayata na karɓar maganin kansa ta ƙarin ruwa, yana galabaitar da ita ƙwarai. Na ji wai akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ke nuna inda ƙarin kansar yake, su kai masa magani kai tsaye ba su taɓa sauran jiki ba. Gaskiya ne?

Amsa: Allah ya ba ta lafiya, ɗan'uwa. Akwai gaskiya a maganar, sai dai an ƙara mata gishiri.

Ƙwayoyin nano ake kiransu. Don ƙanƙanta, sai ka jera wajen 1,000 kafin su kai kaurin silin gashi guda. Ƙari yakan tsiro da jijiyoyin jininsa a gurguje, sai su fito da 'yan kafofi suna yoyo. Ta nan ƙwayoyin ke sulalewa su maƙale a cikinsa. Hiroshi Maeda da Yasuhiro Matsumura ne suka bayyana hakan a Japan a 1986.

Ƙwayoyin nano masu ɗaukar magani kawai, ba tare da nuna ƙarin ba, sun daɗe a asibitoci. Doxil, wanda Amurka ta amince da shi a 1995, tsohon maganin kansa ne aka ƙunshe cikin ƙwanson maiƙo don kada ya yi wa zuciya illa kamar da. Shi ma ba kanwar lasa ba ne, yakan sa tafin hannu da na ƙafa su yi ja suna raɗaɗi.

Mai aiki biyun da ka ji labari kuwa, ana sa ƙwayar ƙarfe mai jin maganaɗisu a tsakiya, a lulluɓe ta da magani. A hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, inda ta taru yakan yi duhu, likita ya gani da idonsa ko saƙon ya isa. Ni a wurina wannan ganin ne babbar ribar.

Amma isar ce matsalar. Hanta da saifa kan ɗauke su a matsayin baƙi, su haɗiye mafi yawansu. A 2016 masana a Jami'ar Toronto sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye, suka ga a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin 100 ne kacal ke kaiwa ƙarin. Shi ya sa irin waɗannan har yanzu galibinsu suna matakin gwaji.

Kada ta dakatar da maganinta tana jiran su. Ku tambayi likitanta ko nau'in kansarta na daga cikin waɗanda ake ba wa irin su Doxil.