Amsa kan wuyan jitar bes da ya lanƙwashe da batun garanti

Ɗan'uwa, sannu da wannan damuwa. Yadda na fahimci tambayarka, ka yi odar jitar bes mai tsirkiya biyar daga wani ƙaramin shagon maƙera kayan kiɗa a Turai, aka ƙera maka ita bisa zaɓinka, ta iso hannunka a Kaduna cikin watan Agusta lafiya lau. Da hunturu ya kankama sai tsirkiyoyin suka yi sama a tsakiyar wuya, na can ƙasa kusa da gangar jiki suka fara gogar firet, wato ƙananan ƙarafan da aka jera a kan wuyan, bakin firet ɗin ya soma yankar hannu, kuma da ka murɗa rodin cikin wuyan sai ya yi tauri ya ƙi gaba. Kana son ka san ko ka mayar musu tunda garanti bai ƙare ba, ko ka nemi mai gyara a gida. Na daɗe ina gyaran jita da bes na 'yan coci da na ɗakunan naɗar sauti, kuma shawarata ta farko ita ce ka ajiye alankin nan, wato makullin da kake murɗa rodin da shi, tukuna, kada ka ƙara murɗa komai, sai ka tantance abin da iska ta yi wa katakon da abin da ya zo da shi daga hannun maƙerinsa, domin a kan wannan bambancin ne maganar garanti gaba ɗaya ta rataya.

Tsirkiyoyi huɗu masu matsakaicin kauri suna jan wuyan bes da nauyin da ya kai kusan kilo 80, dare da rana, mai biyar kuma ya zarce haka, ga shi wuyan dogo ne, inci 34 daga matashin tsirkiya na sama zuwa mazauninta na ƙasa, wasu masu biyar ɗin ma inci 35. Rodin ƙarfen da ke cikin wuyan, wanda kamfanin Gibson ya sami rajistar ƙirarsa tun 1923, aikinsa kawai ya ja baya ya daidaita wannan jan. Katakon kuwa an busar da shi an kuma sassaƙa shi a ɗakin da danshin iskarsa yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, wanda shi ne ma'aunin da yawancin maƙera ke shawartar a ajiye kayan a ciki. A arewacinmu danshin yakan haura kashi 70 a tsakiyar damina, sannan ya faɗo ƙasa da kashi 20 da rana a watan Janairu. Kamar ƙofar katakon da ke ƙin rufuwa da damina ta koma tana lilo da rani ne. Bes ɗinka ya iso a lokacin da iska ta fi laima, ya shiga lokacin da ta fi bushewa cikin 'yan watanni, don haka da wuyan bai motsa ba ne za a yi mamaki. Kaifin bakin firet da kake ji daga nan ya fito: allon yatsun ya tsuke a faɗinsa, ƙarfen kuwa bai tsuke ba. Wannan aikin ƙaramin magagari ne, a shafe bakin a hankali bayan an rufe katakon da tef, kuma da hunturu ya fi kyau a yi shi, lokacin da ƙarfen ya gama fitowa, don ba ya sake dawowa. Babu maƙerin da zai biya maka wannan.

Yanzu sai awo. Ka ɗaure tsirkiyoyin daidai yadda kake kaɗawa, ka riƙe bes ɗin a jikinka kamar za ka yi kiɗa, kada ka kwantar da shi a tebur, domin nauyin kansa yana sauya awon. Ka sa kafo, wato matsin da ke danne tsirkiyoyi duka, a firet na farko, ka danne tsirkiya mafi kauri a firet na ƙarshe, sannan ka duba ratar da ke tsakanin ƙasan tsirkiyar da saman firet na 8. Ma'aunin da Fender ke bayarwa ga yawancin bes ɗinsu shi ne kimanin milimita 0.3 zuwa 0.35. Idan ba ka da fila gej irin na makanikai, katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne, saboda haka idan ya shige ratar bai ɗaga tsirkiyar ba, lanƙwasar ta ninka abin da ake so har ta wuce. Bayan haka ka maimaita awon a tsirkiya mafi siranta, kuma wannan awo na biyu ne mutane suka fi mantawa alhali shi ne ke fallasa babbar cuta. Idan ɓangarorin biyu sun yi kusa da juna, ko ɓangaren masu kauri ya ɗan fi kaɗan, wuyan lanƙwasa kawai ya yi, kuma lanƙwasa tana da magani. Idan kuwa wani ɓangare ya rusuna gaba, ɗayan ya miƙe sambal ko ya kantare baya, to wuyan murɗewa ya yi. Ka tabbatar da ido: ka tsayar da gindin bes ɗin a ƙasa, ka leƙa daga kai zuwa gangar jiki ta inda haske yake, ka ga ko firet ɗin farko da na ƙarshe suna kwance a layi ɗaya.

Wurin da gogar take ma yana magana. Idan a firet na farko zuwa na biyar ne, wuyan ya miƙe da yawa ko ya koma baya. Idan firet ɗaya ne tak, wani firet ne ya ɗago daga raminsa. Taka kuwa daga na 14 zuwa ƙarshe take, kuma abin da na fi gani a irin wannan shi ne mai kaya ya ga tsirkiya ta yi sama, sai ya sauke mazauninta na ƙasa don ya rage tsayin, alhali lanƙwasar tana nan, sai tsirkiyar ta riƙa taɓa firet ɗin ƙarshe. Idan ka taɓa mazaunin, ka mayar da shi yadda yake kafin ka yanke hukunci. Amma akwai wani ciwon mai kama da wannan, wato tudun da ke tasowa a gindin wuya inda ya haɗu da gangar jiki, wurin da ƙarfin rodi ba ya kaiwa. Ka ɗora doguwar rula ta ƙarfe a kan firet ɗin bayan an miƙar da wuyan. Idan na ƙarshe-ƙarshen nan sun ɗaga rular, tudun ne, kuma komai murɗa rodi ba zai kwantar da shi ba. Maganinsa a share saman waɗannan firet ɗin su yi gangare, in ya yi tsanani a cire su a fere allon a sake dasa sababbi.

Taurin rodin shi ne ya fi damuna a cikin bayaninka. Ƙa'ida ita ce a sassauta tsirkiyoyi, a murɗa rubu'in zagaye ko rabin rubu'i, a sake ɗaurewa, a bar katakon ya kwana kafin a ƙara. Tauri yana iya zama zaren notin da ke bakin rodin ne ya bushe, yana iya zama notin ya kai ƙarshen zare saboda ya lotsa katakon da yake takawa, yana kuma iya zama alankin ne ba girmansa ba, tunda na Amurka da inci ake auna su, na Turai da Asiya kuwa da milimita, kuma wanda ya ɗan yi ƙanƙanta yana cinye bakin noti cikin murɗa biyu. Duk waɗannan muna gyara su: a kwance notin a shafa masa ɗan maiko, a ƙara wosha ɗaya ko biyu a ƙarƙashinsa, a matse wuyan a kan katako madaidaici ya miƙe da ƙarfin matsi, sannan a ɗaure notin ya riƙe shi a nan, maimakon a ce rodin ne zai yi jan shi kaɗai. Sai dai wannan dabarar wosha ta rodi mai aiki gefe ɗaya ce. Yawancin bes na oda yanzu rodi mai aiki gefe biyu ake sa musu, mai iya tura wuyan gaba ko baya, wanda notinsa a like yake da walda, kuma idan ya tsinke sai an ɗaye allon yatsun gaba ɗaya kafin a kai gare shi. An taɓa kawo mini wani mai tsirkiya shida da mai shi ya zura alanki cikin bututu don ya ƙara ƙarfin hannu. Kan rodin ya ɓalle, maƙerin ya ga hoton ya ce ƙarfi aka sa, garantin da saura wata da yawa ya tafi a banza, alhali da ya rubuta musu tun rodin yana tauri, nasu ne su gyara.

Wannan ya kawo mu ga takardar garanti, wadda nake roƙonka ka karanta ta layi-layi tare da takardar odarka. Abin da suka saba ɗauka shi ne aibin katako ko na aikin hannu, ga wanda ya saya da fari. Abin da suka saba cirewa kuwa shi ne lahanin zafi da bushewa ko laima, da saitin yau da kullum, da cinyewar firet, da duk gyaran da wani ya yi ba da izininsu ba, kuma kuɗin aikawa galibi a wuyan mai kaya yake. Kayan oda ba a cika mayar da kuɗinsa ba, gyara ne ko canji. A ganina wuyan da ya murɗe cikin shekarar farko, ko rodin da ya ƙare tun kayan yana sabo da tsirkiyoyin da suka zo da shi, aibi ne na asali, ko katakon bai gama bushewa ba ko an yanko shi daga inda zarensa ya karkace, kuma maƙeri mai mutunci ya san haka. Amma da zarar ya ji sunan ƙasarka zai ce yanayi ne, kuma ba za ka ga laifinsa ƙwarai ba idan ba ka da hujja.

Hujjar kuwa ga yadda ake haɗa ta. Ka sayi ƙaramin ma'aunin danshi ka sa a cikin akwatin bes ɗin, ka sa jiƙaƙƙen soso da aka matse sosai a cikin robar sabulu mai huji, inda ba zai taɓa katako ko ƙarfe ba, ka rufe akwatin, kana sake jiƙa soson, har ma'aunin ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 50 na mako biyu ko uku. Ka ɗauki hoton awon kafin nan da bayan nan, ma'aunin yana cikin hoton, da lambar kayan, da rasit. Idan wuyan ya dawo hayyacinsa, ka huta da jigila, saiti kawai ya rage. Idan bai dawo ba, ka toshe musu ƙofar cewa iska ce. Akwai wani dalilin kuma: wuyan da aka aika Turai yana kwana biyu a shagonsu zai sha danshinsu ya miƙe, su duba su ce ba su ga komai ba, su dawo maka da shi, kuɗin jirgi zuwa da dawowa ya hau kanka, hunturun baɗi kuma ya sake lanƙwashewa. Kada ka shafa wa allon man gyaɗa ko man ja da sunan jiƙa shi, domin mai ba ya mayar da ruwan da katako ya rasa, kuma na girki yana yin ɗoyi ya yi danƙo. Kada kuma ka bar shi cikin but ɗin mota da rana, zafin yana sassauta gam.

Idan ka rubuta musu, ka yi a rubuce ta imel, cikin ladabi, da lambobi maimakon ƙorafi, kuma ka tambaye su ƙarara irin rodin da suka sa, da girman alankinsa, da ko sun yarda mai gyara na gida ya taɓa shi ba tare da garanti ya faɗi ba. Ƙananan maƙera sun fi manyan kamfanoni sauƙin kai a nan, domin sunansu ne jarinsu. Na ga wanda ya biya kuɗin gyaran da aka yi a gida, na ga wanda ya ƙera sabon wuya ya aiko. Hanya ta biyun tana yiwuwa ne kawai idan wuyanka mai kusoshi ne, irin wanda ake kwancewa daga baya da sukurudireba, kuma a nan ka yi sa'a, don wuyan kaɗai za a naɗe a aika. Idan mai gam ne, ko wanda katakon wuyan ya ratsa gangar jikin har gindi, sai dai kayan ya tafi ɗungurungum, da inshora, kuma kada ya tashi sai sun ba ka lambar amincewa da karɓarsa. Ka nemi wakilin fiton kaya ya shirya maka takardun da ke nuna gyara ya tafi, don kada Kwastam su ɗauke shi sabon kaya ranar dawowa. Ka kuma duba irin katakon: a Janairun 2017 yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, ta sa takunkumi kan duk dangin rozwud da bubinga, a Nuwamban 2019 aka sassauta wa kayan kiɗan da aka gama ƙerawa, amma rozwud na Brazil yana nan ƙarƙashin hani mai tsanani tun 1992, kuma wuyan da ke ɗauke da shi ba ya ƙetare iyaka sai da izini. Idan ta hannun dila na Legas ko Abuja ka yi odar, shi za ka fara tunkara, kuma hukumar FCCPC, mai kare haƙƙin masu saye a Najeriya, tana iya shiga tsakani. Shagon da ke Turai kuwa hannunta ba ya kai masa.

Idan har za su ƙera maka sabon wuya, ka faɗa musu yanayin da zai zauna a ciki, ka nemi katakon da aka haɗa falle uku ko biyar, ko katakon mafal gasasshe, da sandunan kabon guda biyu masu ƙara tauri a gefen rodi, sannan a shafe bayan wuyan da banish maimakon a bar shi da mai kawai. Wenge da obankol, waɗanda daga dazukan Kamaru da Gabon da maƙwabtansu ake fitar da su, katakai ne masu tauri, amma kada kasancewarsu na Afirka ya ruɗe ka, na kurmi ne, su ma hunturu yana tsotse su. Ka turo awon ɓangarorin biyu da hoton bakin notin idan ka samu, daga nan zan iya gaya maka ko aikin wosha ne ko na sabon wuya. Allah ya sa a dace.